OGONI: Yadda Manoma Da Masunta Suka Tsayar Da Haƙar Mai Ba Da Bindiga Ba

Ran 12 ga watan Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya tsaya gaban Majalisar Tarayya a Abuja ya ba da sanarwar cewa ya yi wa Mista Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas gafara, ya kuma ba su lambobin girma na ƙasa. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan tara da ya ji wannan sanarwa, domin kuwa an rataye su tun ran 10 ga watan Nuwamba, 1995, a gidan kurkukun Fatakwal. Iyalansu da magoya bayansu ba su karɓi maganar hannu biyu-biyu ba. Suka ce ai gafara ta mai laifi ce, su kuwa abin da suke nema shi ne hukuma ta fito fili ta wanke mutanen.

Da yawa daga cikin masu karatu, musamman waɗanda ba su yi wayo ba a zamanin, abin da suka sani game da Ogoni bai wuce ratayar nan ba. Amma fa rataya ƙarshen labari ce. Abin da ya fi cancanta a sani shi ne yadda wata 'yar ƙaramar ƙabila ta manoma da masunta, wadda ba ta da soja, ba ta da gwamna, ba ta da kuɗi, ta sa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya ya naɗe tabarmarsa ya bar mata ƙasarta, alhali ba ta harba ko harsashi ɗaya ba. Da kuma yadda al'amarin ya lalace a tsakanin 'ya'yanta, har hukuma ta sami ƙofar shiga.

Ƙasar da abin da ke ƙarƙashinta

Ƙasar Ogoni tana cikin Jihar Ribas, gabas da Fatakwal. Girmanta bai wuce murabba'in kilomita 1,000 ba, an kuma raba ta ƙananan hukumomi huɗu, watau Khana da Gokana da Tai da Eleme, babban garinsu kuwa shi ne Bori. A farkon shekarun 1990 ana ƙiyasta yawansu wajen rabin miliyan. Ke nan ƙasar a cunkushe take, kowane taƙi nata da mai shi. Abincinsu daga gona yake fitowa, rogo da doya, sai kuma kifi da sauran halittun ruwa da mata ke tsinta a cikin lakar bakin rafi, ƙarƙashin itatuwan nan masu saiwa a waje waɗanda ke tsirowa inda ruwan gishiri ya haɗu da na daɗi.

A cikin 1958, shekara biyu bayan da aka fara samun man fetur a Oloibiri, kamfanin Shell ya sami mai a Bomu cikin ƙasar Gokana. Daga nan rijiyoyi suka yi ta yawaita. Aka shimfiɗa bututai a bisa doron ƙasa, suna ratsa gonaki, wani wuri ma suna bi ta ƙofar gidajen mutane. Iskar gas da ke fitowa tare da mai aka riƙa cinna mata wuta, tana ci dare da rana, shekara da shekaru. In bututu ya tsufa ya fashe, ko wani ya fasa shi, ɗanyen mai ya malale gona ya gangara rafi, to, wannan gona ta tashi daga aiki, kifin rafin kuma ya mutu ko ya gudu. A 1970 wata rijiya ta yi bindiga a Bomu ta ɓata gonaki da ruwan sha masu yawa. A wannan shekara ne kuma sarakunan Ogoni suka rubuta wa Gwamnan soja na Jihar Ribas takardar kuka. Ke nan kukan ya girmi ƙungiyar da za mu yi magana a kanta da shekara ashirin.

Me ya sa kukan bai yi amfani ba? Amsar tana cikin dokoki biyu da kuma tsarin rabon kuɗi. Dokar soja ta man fetur ta 1969 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukan man da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar kanta a hannun gwamnoni. A Arewa wannan doka ba ta zo da baƙon abu sosai ba, gama tun zamanin Turawa hukuma ce ke riƙe da ƙasa. Amma a wuraren da gona ta dangi ce kaka da kakanni, ma'anarta ita ce in an karɓe maka gona don aikin mai, ba kuɗin ƙasa za a biya ka ba, sai dai kuɗin amfanin da ke kanta a ranar. Game da rabon kuɗi kuwa, lokacin samun mulkin kai yankin da aka haƙo ma'adini a cikinsa yakan sami kashi 50 cikin ɗari na kuɗin haya da na haƙƙin ma'adinin. Aka yi ta zaftare wannan kaso, ya koma kashi 20 a 1975, ya zo kashi ɗaya da rabi a 1982. Ga matatar mai a Eleme, ga masana'antar takin zamani a Onne, amma yawancin ƙauyukan Ogoni ba lantarki, ba ruwan famfo.

Wanda ya san labarin Bakolori ba zai ji wannan baƙo ba. A watan Afrilu, 1980, manoman ƙasar Talatar Mafara da aikin dam ya cinye wa gonaki suka tare hanya suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Irin wannan amsa ce mutanen Umuechem, wani gari na ƙabilar Etche a Jihar Ribas, suka samu a ƙarshen 1990, sa'ad da suka yi zanga-zanga a kan Shell: 'yan sandan kwantar da tarzoma suka kashe wajen mutum 80, suka rushe gidaje kusan 500. Mutanen Ogoni suna kallo. Sun san abin da ke jiran wanda ya fita titi ba shiri.

Takarda tukuna

Saboda haka ba da titi suka fara ba, da takarda suka fara. Ran 26 ga watan Agusta, 1990, sarakuna da dattawa da 'yan bokon Ogoni suka amince da wata takarda a Bori wadda ta jera haƙƙoƙin da suke nema, aka kuma aika wa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida. Ya kamata a lura da abin da ke cikinta, domin daga baya an yi ta yi musu ƙazafin neman ɓallewa. Ba su nemi fita daga Nijeriya ba. Sun nemi a bar su su gudanar da al'amuransu a cikin Nijeriya, a ba su kaso mai ma'ana daga arzikin ƙasarsu, a ba su wakilci a hukumomin ƙasa, a raya harsunansu, a kuma ba su ikon kare ƙasarsu da ruwansu daga ƙarin ɓarna. Suka ce tun daga 1958 an kwashi mai na dala miliyan dubu talatin daga ƙasarsu. Don bin wannan takarda aka kafa ƙungiyar ceton al'ummar Ogoni, wadda aka fi sani da MOSOP. Dakta Garrick Leton ne shugabanta na farko, Cif Edward Kobani mataimakinsa, Ken Saro-Wiwa kuwa kakakinta.

Shi wannan kakaki ba baƙon gwamnati ba ne. An haife shi a Bori a 1941, ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia da Jami'ar Ibadan. Da yaƙin basasa ya ɓarke, sai ya bi ɓangaren Tarayya, aka naɗa shi mai kula da mulkin garin Bonny, daga baya ya zama kwamishina a Jihar Ribas har 1973. Ya yi kasuwanci ya yi arziki, ya rubuta littattafai, kuma shi ne mai wasan kwaikwayon nan na talabijin, Basi and Company, wanda ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1980. Mutum ne gajere, ba ya rabuwa da lofe, ga kaifin harshe wanda ya jawo masa masoya da maƙiya daidai wa daida. Abin da ya fi sauran shugabannin da shi shi ne ya san darajar jarida da hoto, ya kuma gane cewa kamfanin da ke sayar da mai a Turai ya fi jin tsoron abin da masu sayen mansa za su ce da abin da manomin rogo zai ce.

Gwamnati ba ta amsa takardar ba, ko da layi ɗaya. Sai Saro-Wiwa ya kai maganar waje. A 1992 ya yi jawabi a Janeba gaban wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'ummomin asali. A watan Disamba na shekarar MOSOP ta aika wa Shell da Chevron da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, wa'adin kwana 30 su biya dala miliyan dubu goma, haƙƙin mai da diyyar ɓarna, ko kuwa su bar ƙasar. Wannan karo gwamnati ta amsa, amma da hana taro da zanga-zanga.

Ranar ganye

A nan ne aikin da ba a cika ba da labarinsa ba ya nuna kansa. MOSOP ba ƙungiyar mutum ɗai-ɗai ba ce, uwa ce mai 'ya'ya. Akwai ƙungiyar mata, akwai ta samari, akwai ta sarakunan gargajiya, da ta malaman makaranta, da ta ɗalibai, da ta majami'u. Kowane ƙauye da reshensa. Aka yi ta zagaya ƙauyuka ana karanta wa mutane takardar nan da harshensu, ana yi musu bayanin abin da dokar 1969 da ta 1978 ke nufi a gonarsu. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta zo ta san cewa baƙin ruwan da ke cikin rafinta yana da mai shi, kuma akwai inda za a kai ƙara. Mata ne ƙashin bayan abin, tun da yake su ke noma, su ke ɗiban ruwa, su ne kuma ke fara ganin ɓarna.

Ran 4 ga watan Janairu, 1993, duk da dokar hana taro, mutum wajen 300,000 suka fito a faɗin ƙasar Ogoni, watau fiye da rabin ƙabilar duka. Ba su ɗauki adda ba, ba su ɗauki bindiga ba. Ɗanyen ganye suka riƙe a hannu, suna waƙa suna rawa. Aka watse ba a kashe kowa ba, ba a ƙona komai ba. Mai karatu ya auna wannan da kyau. Duk wanda ya taɓa ganin yadda taron mutum dubu biyu kan rikiɗe ya zama tarzoma cikin minti goma a garuruwanmu, ya san cewa fitar da mutum dubu ɗari uku masu jin haushi, a mayar da su gida lafiya, ba sa'a ba ce, tarbiyya ce. Har yau Ogoni suna bikin wannan rana kowace shekara.

Bayan wannan sai aka buɗe asusun naira ɗaya: kowane ɗan Ogoni, babba da yaro, mace da namiji, ya ba da naira guda. Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Hikimar ita ce wanda ya sa nairarsa a cikin abu ya zama nasa, ba zai ce na su wane ba ne. Sa'an nan ba wanda zai ce wani attajiri ko wata ƙasar waje ce ta saye ƙungiyar. Aka yi kwanan addu'a a majami'u da kyandir a hannu. Aka shigar da Ogoni cikin wata ƙungiya da ke birnin Heg ta al'ummomin da ba su da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Masu ɗaukar hoto daga Ingila suka zo suka ɗauki wutar gas da baƙaƙen rafuka suka nuna a talabijin ɗin ƙasarsu.

Cikin wannan shekara ta 1993 Shell ya janye ma'aikatansa, ya ce ba su da tsaro, ya daina haƙar mai a Ogoni. Bai sake haƙa ba har ya sayar da reshensa mai aikin kan tudu a 2025. Abin da bai tsaya ba shi ne babban bututun da ke ratsa ƙasar ɗauke da man wasu wurare zuwa tashar jiragen ruwa ta Bonny. A kan aikin bututu ne ma aka fara zubar da jini: a ƙarshen watan Afrilu, a Biara, manoma suka fito don hana motocin wani ɗan kwangila tattake musu shuka, sojan da ke rakiya suka yi harbi, wata manomiya ta rasa hannunta.

Bango ya tsage

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar ta zo ne a kan zaɓen shugaban ƙasa na ran 12 ga watan Yuni, 1993. Saro-Wiwa da samari suka ce a ƙaurace wa zaɓen, don kaɗa ƙuri'a amincewa ce da tsarin mulkin da ya ƙwace musu mai. Dattawan, waɗanda yawancinsu 'yan siyasa ne masu jam'iyya, suka ce ƙauracewa za ta mayar da Ogoni saniyar ware. Aka kaɗa ƙuri'a a kwamitin gudanarwa, masu son ƙauracewa suka yi rinjaye. Leton da Kobani suka ajiye muƙamansu, Saro-Wiwa ya zama shugaba.

Da saɓanin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma samari suka shiga hana mutane zuwa rumfar zaɓe da ƙarfi, suka laƙaba wa dattawan da sarakunan da ke hulɗa da gwamnati sunan ungulaye, aka kai wa gidajen wasu hari har suka gudu Fatakwal. Dattawan suka zargi Saro-Wiwa da mayar da ƙungiyar samari rundunar kansa. Shi kuwa ya musanta, ya ce 'yan iska ne ke fakewa da sunan ƙungiyar. A ganina a nan ne babban raunin tafiyar yake. Ƙungiyar da ƙarfinta duka ya dogara a kan cewa hannunta ba jini, ba ta da halin barin kalma irin ungulu ta yi yawo a bakin matasa. In aka saba kiran mutum da sunan tsuntsun da ke cin mushe, ranar da za a ɗaga masa sanda ba wanda zai ji nauyi.

Ana cikin haka sai hare-hare suka fara zuwa daga waje. Daga watan Yuli, 1993, aka yi ta kai wa ƙauyukan Ogoni na bakin ruwa farmaki, aka ragargaza garin Kaa da kasuwarsa, aka kashe ɗaruruwan mutane. Hukuma ta ce faɗan ƙabilanci ne da maƙwabtansu Andoni, daga baya kuma Okrika da Ndoki. Farfesa Claude Ake, wanda ya shiga aikin sulhu, ya ce bai ga dalilin faɗan ƙabilanci a tsakaninsu ba, kuma irin makaman da aka yi amfani da su sun fi ƙarfin masunta. A 1995 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta buga shaidar wasu soja da suka ce da su aka kai hari. Kafin hare-haren su ƙare, Janar Sani Abacha ya riga ya karɓi mulki, Laftanar Kanar Dauda Musa Komo na mulkin Jihar Ribas, an kuma kafa rundunar tsaro ta musamman ƙarƙashin Manjo Paul Okuntimo.

Ran 21 ga watan Mayu, 1994, dattawan Gokana suna taro a fadar sarkinsu a Giokoo, sai gungun matasa suka auka musu. Aka kashe mutum huɗu kisan wulaƙanci: Cif Edward Kobani, da Mista Albert Badey wanda ya taɓa zama sakataren gwamnatin jiha, da Cif Samuel Orage, da ɗan'uwansa Cif Theophilus Orage. Waɗannan ma 'ya'yan Ogoni ne, sun bar mata da 'ya'ya, kuma duniya ba ta cika tunawa da su ba. Saro-Wiwa ba ya wurin. A ranar ya fito yaƙin neman zaɓen wakilcin taron tsarin mulki, jami'an tsaro suka tare shi a hanya suka mayar da shi Fatakwal. Kafin gari ya waye an kama shi. Kashegari, tun ba a fara bincike ba, Kanar Komo ya ɗora wa MOSOP laifin a gaban 'yan jarida. Rundunar Okuntimo kuma ta bazu cikin ƙauyuka da sunan neman masu kisa, aka yi kashe-kashe da fyaɗe da ƙwace, dubban mutane suka kwana a daji.

Shari'ar ba a kotun yau da kullum aka yi ta ba. An kafa kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, da hafsan soja ɗaya a cikin alƙalan, ba kuma damar ɗaukaka ƙara. Aka fara a watan Fabrairu, 1995. Tuhumar ita ce Saro-Wiwa ne ya zuga matasan. Biyu daga cikin shaidun gwamnati suka yi rantsuwa a rubuce cewa sayensu aka yi da kuɗi da alkawarin aiki. Lauyoyin da ke kare su, ƙarƙashin Cif Gani Fawehinmi, suka janye, suka ce an riga an yanke hukunci tun kafin a zauna. A ƙarshen watan Oktoba aka yanke wa mutum tara hukuncin kisa, aka sallami mataimakin shugaban MOSOP, Mista Ledum Mitee. Majalisar mulkin soja ta tabbatar ran 8 ga watan Nuwamba, aka zartar bayan kwana biyu. Waɗanda aka rataye tare da shi su ne Dakta Barinem Kiobel, John Kpuinen, Baribor Bera, Saturday Dobee, Nordu Eawo, Daniel Gbooko, Paul Levera da Felix Nuate.

An yi ratayar ne daidai lokacin da shugabannin ƙasashe renon Ingila ke taro a Okland ta ƙasar Niyu Zilan. Nan take suka dakatar da Nijeriya, ba ta koma ba sai 1999. Cacar baki tsakanin Abacha da Nelson Mandela ta yi tsanani har Nijeriya, wadda ke riƙe da kofin ƙwallon ƙafa na Afirka, ta ƙi zuwa Afirka ta Kudu kare kofinta a 1996, aka kuma hana ta shiga gasar 1998.

Abin da bincike ya tono

Shell ya daɗe yana cewa ba shi da hannu a shari'ar, har ma ya roƙi a yi sassauci, kuma yawancin malalar mai aikin masu fasa bututu ne. A 2009 ya biya iyalan dala miliyan 15.5 don a janye ƙarar da suka kai a birnin Niyu Yok, ba tare da ya amsa laifi ba. A 2022 wata kotu a Heg ta kori ƙarar matan huɗu daga cikin waɗanda aka rataye, ta ce ba a kawo hujjar da ta isa ba cewa kamfanin na da hannu a sayen shaidu.

Amma ainihin maganar da aka fito da ganye a kanta, watau cewa an kashe ƙasar, wannan an auna ta. Gwamnatin Tarayya da kanta ta gayyaci hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Masana suka yi wata 14 suna aiki, suka duba wurare fiye da 200, suka bi bututai na tsawon kilomita 122, suka gwada samfur fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa. Ran 4 ga watan Agusta, 2011, suka miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan rahotonsu. A wasu wurare mai ya nutse cikin ƙasa fiye da mita biyar. A Ejama-Ebubu, inda mai ya malala wajen shekara 40 kafin binciken, suka tarar gurɓatar tana nan. A Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun NNPC, suka sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da ke cika rijiyoyin mutane. Ruwan da ake sha kuwa yana ɗauke da wani sinadari mai suna benzin, mai haddasa ciwon daji, ninki 900 fiye da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Rahoton bai ƙyale 'yan ƙasar ba, ya nuna ɓarnar da masu satar mai da masu dafa shi a daji ke ƙarawa. Ya ce gyara zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a ware dala miliyan dubu ɗaya don shekara biyar na farko. Shekara 16 ke nan bayan an rataye mutumin da ya fi kowa faɗin haka.

Ba za a ce tafiyar ta tashi a banza ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce kason jihohin mai kada ya gaza kashi 13 cikin ɗari. Ƙabilar Ijaw ta fitar da tata takardar a Kaiama a 1998. A 2001 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ta yanke cewa Nijeriya ta tauye haƙƙin Ogoni. Masuntan Bodo, waɗanda malalar mai ta 2008 ta kashe wa rafuka, suka kai ƙara London, a 2015 Shell ya yarda ya biya fam miliyan 55, masunta 15,600 kowa ya sami rabonsa a hannu.

Sai dai akwai wani darasi da hukuma ta koyar, ko da saninta ko ba da saninta ba, wanda ƙasar nan ta biya da tsada. Matasan yankin mai sun ga abin da ya sami masu ganye. Bayan shekara goma suka fito da bindiga da jiragen ruwa masu gudu, suna fasa bututu suna sace Turawa, har man da Nijeriya ke fitarwa ya ragu ƙwarai. A 2009 gwamnatin Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi musu afuwa, ta sa musu alawus na naira 65,000 kowane wata, ta tura wasu karatu waje. Ba laifin afuwar nake gani ba, gama ta kawo sauƙi. Amma mai ganye ya sami igiya, mai bindiga ya sami albashi, kuma ba matasan Neja Dalta kaɗai ne suka ga wannan lissafi ba.

Aikin share ƙasar kuwa ya yi tafiyar hawainiya. An kafa hukumar aikin, HYPREP, a 2012, ba ta tsinana abin kirki ba, sai a watan Yuni, 2016, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya je Bodo ya sake ƙaddamar da ita a madadin Shugaba Muhammadu Buhari. Daga nan aka ba da kwangiloli, aka kai ruwan famfo wasu garuruwa, aka fara dasa itatuwan bakin ruwa, tare da ƙorafi mai yawa a kan 'yan kwangilar da ba su san aikin ba. A farkon 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kafa jami'ar tarayya ta nazarin muhalli da fasaha a ƙasar Ogoni, ya kuma ɗora wa mai ba shi shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribaɗu, jagorancin tattaunawa da shugabanninsu a kan komawa haƙar mai. Maganar ta sake raba kan Ogoni: wasu suka ce shekara talatin ba mai ba aiki ta isa, a zo a haƙa a ba su kasonsu, wasu suka ce a gama wanke tsohuwar ɓarna tukuna kafin a buɗe sabuwar rijiya.